Kafa tanti a duwatsun Bergen: 'yanci ne mai tafe da amana

Duk lokacin zafi, matafiya kan yi tururuwa zuwa Bergen, birnin gaɓar teku a Norway, su kafa tantuna a kan tsaunuka da bakin mashigin tekun Hardanger. Dokar ƙasar ta 1957 ta halatta wa kowa kwana biyu a filin da ba gona ba, muddin ya nisanci gidajen mutane da mita 150. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba kuwa, haramun ne hura wuta kusa da daji.

Ladabin baƙo ne ke raya wannan 'yanci. Duk sharar da aka bari hujja ce ga masu neman a taƙaita shi. Baƙo raɓa ne. Kamata ya yi ya tashi bai bar tabo ba.