Dodon Teku Halal Ne, Amma Ina Lafiyar Kifin Challawa Da Jakara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan wata sallar Magariba a Dakata, wasu ɗalibai suka nuna mana bidiyon wani masunci ɗauke da ƙaton jatan lande mai tsawon hannun mutum. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce alamar tashin ƙiyama ce, na uku kuwa ya yanke hukunci nan take cewa cinsa haramun ne. Wannan gaggawar ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

Da farko, girman waɗannan halittu ba sabon abu ba ne. A shekarar 1977 an kama wani lobsta, ɗan'uwan jatan lande, a gaɓar Nova Scotia ta Kanada, nauyinsa ya haura kilo 20. A tekun Japan akwai ƙaguwa da faɗin ƙafafuwanta ke kai mita 3.7. Dalili kuwa shi ne lobsta ba ya daina girma: yana saɓa ɓawonsa ya yi sabo muddin yana raye. Saboda haka ƙato a cikinsu tsoho ne kawai da ya tsere wa taru shekaru masu yawa. Aya ce daga ayoyin Allah, mai kira zuwa ga tasbihi.

Game da hukunci, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin da ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin rundunar Abu Ubaida, mutum 300, da yunwa ta galabaitar, teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba mai suna Anbar, suka yi makonni suna ci, kuma Annabi (SAW) ya ci daga abin da suka kawo Madina. A kan haka mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a cikinta, ta halatta dabbobin ruwa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil. Hanafiyya ce ta taƙaita halacci ga kifi, har malamanta suka yi saɓani kan jatan lande. Don haka uwargidan da ta sayo busasshen jatan lande a kasuwar Sabon Gari ta daka a miya ba ta yi laifi ba. Wanda ransa bai so ba ya bari, kamar yadda Annabi (SAW) ya bar cin damo ba tare da ya haramta shi ba. Ƙyama daban, haramci daban.

Sai dai abin da ya fi damunmu yana nan kusa da gida. Muna jayayya kan dabbar da ke tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, alhali ruwan da ke bayan gidajenmu yana mutuwa. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Na kamfanonin jima da ke Sharada da Challawa kuma yana ƙarewa a kogin Challawa. Jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam, kuma irin waɗannan ƙarafa suna taruwa a jikin kifi da ganyen lambu da ake ba ruwan. Masunci ya kama, mai tuya ta soya, yaronmu ya ci.

Alƙur'ani ya haɗa halal da ɗayyib, wato mai kyau marar cutarwa. Kifin da ya sha guba asalinsa halal ne, amma ƙa'idar Shari'a ta hana cuta da cutarwa. Aya ta 41 a Suratur Rum kuwa ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata.

A jihar Maine ta Amurka doka ta tilasta wa masunci ya mayar da lobstan da ya wuce wani girma, da macen da ke ɗauke da ƙwai, domin iri ya ɗore. Mu da aka ba amanar ƙasa mun fi cancantar irin wannan kula.

Muna kira ga masu masana'antu, waɗanda da yawansu muke sahu ɗaya da su, su tace dagwalonsu kafin su sake shi; ribar da aka gina kan lafiyar maƙwabci ba ta da albarka. Hukumar NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha su tsaya kan aikinsu. Limamai su sa batun a huɗuba. Ɗalibai kuma su riƙe harshensu daga fatawa ba da ilimi ba.

Allah Ya ciyar da mu halal mai kyau, Ya tsare mana ruwanmu. Amin.