Idan Sitiyarin Motar Gida Ya Fara Wasa

Yau daga ɗakin jinya gareji za mu leƙa.

Watan jiya muna kan hanyar Zariya a tsohuwar motarmu 'yar Kwatano, yara uku a baya, sai na lura maigida yana ta juya sitiyari hagu da dama, alhali titi a miƙe yake. Da na tambaya sai ya ce, "Ai ta daɗe da haka, na san halinta." Gabana ya faɗi. A ɗakin agajin gaggawa na sha karɓar waɗanda mota ta ƙwace musu, kuma na ga yadda sitiyari ke karya haƙarƙarin direban da bai ɗaura bel ba.

Tsakanin sitiyari da tayoyin gaba akwai ƙarafuna masu gaɓoɓi, kamar gwiwar mutum. Makanikai na kiransu tayarod da boljoyin. Shekaru da ramukan titi suna cinye su, musamman idan robar da ke rufe su ta yage, giris ya tsiyaye, ƙasa ta shiga. Daga nan wasa ke farawa. Ranar da tayarod ya cire, taya ɗaya za ta kama gabanta, direba na juya sitiyari ba ta bin umarninsa.

Ba sai kin iya tuƙi za ki gane ba. Mota na tsaye, inji a kunne, ki ce maigida ya motsa sitiyari a hankali, ke kuma ki zuba wa tayar gaba ido. Idan sitiyarin ya tafi fiye da faɗin yatsu biyu taya ba ta motsa ba, akwai matsala. Haka in kina jin ƙwas-ƙwas a kwana ko kan gargada, ko mota na yawo a titi, ko taya na cinyewa ta gefe guda. Idan kuwa sitiyarin kansa ke girgiɗi sama da ƙasa, wataƙila notin da ke riƙe shi ne ya kwance.

Kowanne kika gani, kada yara su shiga motar sai bakanike ya ɗaga ta ya duba. Bayan an canza tayarod, a yi alaimen don saita tayoyi. In a kan hanya abin ya tsananta, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki a hankali, ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefe. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ki adana ta a wayarki.

Ni dai ranar ban yi masa wa'azi a gaban yara ba. Da muka sauka na ce, "Baban yara, a yi haƙuri da ɗinkin wannan watan, a fara kai motar nan gareji." Washegari bakanike ya nuna masa tayarod yana lilo a hannu. Ke ma ki yi magana, 'yar'uwa, 'ya'yanki ne a kujerar baya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.