Mu Kai Yara Gidan Gona Kafin Damina Ta Wuce

 Maganarmu ta wannan wata a kan gidan gona ce, da halittun da ke kewaye da shi a cikin damina. Abin da ya sa muka ɗauko ta, hutun makarantu mai tsawo yana zuwa wajen watan Agusta, yara za su yi makonni suna zaune. Mun ga ya kamata mu yi shawara tun da wuri a kan inda za su ci wannan hutu.

Kowa ya sani kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina suka riƙa tasowa da jakuna, ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga sayen goro. Kalmar zango ma, ai wurin da ayari ke sauka ya kwana ke nan. Madugu yakan dubi tashin tsuntsu da yamma ya gane inda ruwa yake, ya dubi sawu a ƙasa ya ce kura ce ko damisa. Bayan basasar Salaga ta 1892 jama'a suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, sannu a hankali jikoki suka zama 'yan birni. Yau ga yaro a Nima ko Aboabo, ya san sunan kowace mota tun daga ƙararta, amma in ka nuna masa fakara sai ya ce zabuwa ce ƙarama. A makaranta yakan ji labarin alhudahuda da tururuwa da ƙudan zuma, bai kuwa taɓa ganin alhudahuda yana buɗe tukkunsa ba. To, gani ya kori ji.

Da yawa daga cikinmu har yanzu suna da gona, ko ɗan'uwa mai gona, a wajen Salaga da Yendi, ko Ejura da Atebubu da Techiman. A Arewa damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A su Ejura kuwa ruwa sau biyu yake zuwa, shi ya sa suke girbin masara sau biyu a shekara. Ko ina ne dai, watan Agusta daji ya cika, ciyawa ta yi tsawo, kowane tsuntsu yana hidimar sheƙa.

Wanda ya kwana a gidan gona ba ya bukatar agogo. Tun kafin gari ya waye fakara ke fara kiranta daga gefen gona, zabi su amsa, kurciya ta kama nata. In rana ta ɗan taso sai ka ji ragon maza daga cikin duhuwa, kukansa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu mai ƙaramin baki. A nuna wa yaro marai, yadda namijin ke yage ganyen ciyawa siri-siri yana saƙa sheƙa da baki, ƙofarta tana kallon ƙasa. A nuna masa mulufi a kan karan dawa, ja zur da baƙi. A gaya masa wannan ado na damina ne kurum, da rani ya zo sai ya tuɓe ya koma kamar matarsa, ba mai kula shi. Haka zalaidu, doguwar wutsiyar nan tasa ta lokacin neman aure ce. In aka yi sa'a aka ga shamuwa tana bin gona tana tsintar fara, a faɗa masa ita ma bafatakiya ce. A ƙasar Hausa da damina take sheƙa a kan rimi da kuka a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, da ruwa ya ɗauke kuma sai ta yi kudu har wajen Zambiya da Zimbabuwe, ta komo da wata daminar.

Da rana, yaro ya bi masu kiwo ya ga balbela a gindin shanu tana jiran ƙwarin da kofato ke tayarwa. Ya ga kurege ya miƙe tsaye a kan suri, da damo sarkin haƙuri yana shan hantsi, da hawainiya tana tafiyarta ta ƙasaita. Da dare kuma, bayan an yi ruwa, kwaɗi su cika fadama da kuka, maƙesu su yi ta walƙiya a bakin rafi, bushiya ta fito kiwo a bayan rumbu. Yaron da ya tashi a ƙarƙashin fitilar lantarki, ran nan zai fara ganin taurari yadda suke, har ya tambayi sunan kaza da 'ya'yanta.

Itatuwa ma karatu ne. Wannan lokaci ne ƙarshen zubar kaɗanya, mata kan yi sammako su tsinto, a sha 'ya'yan, a shanya ƙwarar don man kaɗe. Ga ɗorawa, wadda da ƙwayarta ake daddawar da muke saye a kasuwa. Wanda gonarsa ke wajen Bawku ya nuna wa yaro gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa sa'ad da sauran itatuwa suka yi kore, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Almajiri kuwa ya ga gamba a tsaye, ya san daga nan alƙalaminsa ya fito, ya ga ƙaro a jikin itace, ya san da shi ake haɗa tawada.

Amma fa daji ba wurin sakaci ba ne, rigakafi ya fi magani. Abu na farko maciji. Akwai kasa, akwai kumurci, akwai kuma kububuwa wadda ta fi yi wa manoman Arewa ɓarna. Kada yaro ya fita da dare ba takalmi ba tocila, kada ya zura hannu cikin rami ko suri don neman gafiya. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, can ne allurar dafi take. Na biyu sauro, a tafi da gidan sauro, zazzaɓi kuwa in ya kama yaro kada a ce a jira gobe. Na uku ruwan kwance. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, tsargiya ta yawaita a garuruwan bakinsa, domin dodon koɗin da ke ɗauke da cutar a ruwa mara gudu yake zama. Saboda haka wanka a gida, da ruwan rijiya.

Sa'an nan ga wata magana da ta shafe mu mu manya. Yaro in ya ga tsuntsu, danƙo yake fara nema. A hana shi. Uwa ɗaya in ta faɗi a wannan lokaci, sheƙa guda ce ta mutu. Dokar ƙasa ma tun 1971 ta hana farautar namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, domin lokacin ne da yawansu ke ɗauke da ciki ko shayarwa. Gyauji kaɗai aka ware, wanda mutanen Asante ke kira akrante, shi ma sai da lasin. Masu sayar da nama su lura da wannan.

Kada wani ya ce namun daji ba su ƙarewa. Dattawan mahauta su tuna yadda ungulu ke cika rufin kwata a dā, har sai an kore su da sanda. Yau a garuruwa da yawa sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 masu lissafin halittu na duniya suka sa wannan ungulu tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Cikin dalilan akwai gubar da ake zubawa a mushe, akwai kuma cinikin kanta da ƙafafunta a kasuwar magani. Ita ce kuwa ke kwashe mushe kyauta kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Haka kaɗanya, takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mai gawayi ya kayar da ita cikin hantsi ɗaya. Waɗanda suka ga 1983 ba su manta da fari da gobarar daji da yunwar shekarar ba, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana cinna wa daji wuta. Yaron da ya sha inuwar kaɗanya ya ci tuwo da manta, in ya girma ya zama dillalin gawayi zai yi tunani kafin ya sa a sare ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san abin da Alhaji zai ce: wa zai tsare shago, wa zai biya kuɗin mota? Ba mu ce a rufe kasuwa ba. Kwana uku ko huɗu sun isa. Masu fataucin doya suna zuwa Atebubu da Salaga ɗaukar sabuwar doya, masu shanu suna hawa Arewa kowane wata. A haɗa yaro da kawunsa ko wani amintacce, 'yan mata su bi gwaggo. Wanda ba shi da gona ya roƙi maƙwabci, zango ai gida ɗaya ne. A riƙa wa mutanen ƙauye ɗan gishiri da sukari da sabulu, kada a je hannu rabbana. A kuma ja wa yara kunne su gai da manya, su ɗauki fartanya, kada su yi wa kowa kallon ƙauyanci. Mai hali, in rani ya zo ya kai iyali gandun dajin Mole kusa da Larabanga, wanda aka keɓe a 1958, su ga giwa da ɓauna da gwanki sun zo shan ruwa.

In sun komo, a zaunar da su bayan cin tuwo, a ce kowa ya kawo sunan tsuntsu goma da itace goma da ya gani da idonsa. Wanda ya cika, a ba shi tukwici. Dattijon da ya san sunan da ba mu ambata ba, ya aiko mana, ko da ajami ne, za mu sa a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya. Haza wasalam.