Birged da Sikawut: Mu Haɗe Ko Mu Haɗa Kai?

Duk wanda ya san ikkilisiyoyin Dutsin-Ma da Kurfi ya san ba mu da yawa. A wata majami'a yaran Birged ba su cika sahu biyu ba, kuɗin ganga da kaki kuwa sai an yi ta baiko. Waɗansu daga cikin yaran nan kuma suna sikawut a makaranta tare da abokansu Musulmi. Don haka tambayar da ke gaban dattawa da iyaye ita ce: me zai hana a narkar da ƙungiyoyin su zama ɗaya?

Rashin tsaro ya ƙara wa tambayar nauyi. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, ko ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka ɗauke a Oktobar 2023. Ɗan bindiga ba ya tambayar yaro addininsa kafin ya kora shi daji. Yaron da ya iya tsayar da jini da ɗaukar mai rauni, unguwa duka ce ke morarsa.

Asali ma ƙungiyoyin biyu dangi ne. William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi, ya kafa Boys' Brigade a Gilasgo a 1883 domin jawo yara maza ga mulkin Kristi ta hanyar horo da biyayya. Shi ne ya ƙarfafa Baden-Powell ya sake rubuta dabarunsa na soja domin yara. Sansanin farko na sikawut a tsibirin Brownsea a 1907 ma akwai yaran Birged a ciki. Birged ta iso Legas a 1908, sikawut ya biyo baya a 1915. Bambancin shi ne Birged 'yar ikkilisiya ce, kowane kamfani yana ƙarƙashin majami'arsa, shi kuwa sikawut yana karɓar mai kowane addini.

An taɓa yin haɗewa iri uku, kowanne da darasinsa. Na farko tsakanin masu bangaskiya ɗaya ne: Boys' Brigade ta haɗe da Boys' Life Brigade a 1926, kuma Girls' Brigade ta yau ta fito ne daga haɗewar ƙungiyoyin 'yan mata uku na Kirista. Wannan bai taɓa tushe ba.

Na biyu ya faru a ƙasar Holan a 1973, inda ƙungiyoyi huɗu, biyu na Katolika, biyu da ba na wata ɗarika ba, suka narke suka zama Scouting Nederland. An sami shugabanci ɗaya da horo ɗaya. Amma ƙungiyar ƙasar ba ta kowace ikkilisiya ba ce, koyar da bangaskiya ya rage ga abin da kowane reshe ya ga dama. A Birtaniya ma, tun 2014 sikawut ya yarda wanda bai gaskata da Allah ba ya ɗauki alkawarin da babu sunan Allah a ciki. Ƙungiyar da ta zama ta kowa, dole ta sassauta abin da ba kowa ne ya yarda da shi ba.

Na uku shi ne na Faransa. Can Katolika, Furotesta, Yahudawa, Musulmi da waɗanda ba ruwansu da addini kowa na da ƙungiyarsa ta sikawut, amma suna ƙarƙashin inuwar tarayya ɗaya. Kowa na addu'a a ɗakinsa, ana haɗuwa a fili.

A ganinmu, na ukun nan ne ya dace da mu. Idan aka narkar da Birged, nazarin Littafi Mai Tsarki ne zai fara fita, domin ba daidai ba ne a ɗora shi a kan ɗan maƙwabcinmu Musulmi. Haka su ma 'yan agajin Izala, Fityanul Islam da Jama'atu Nasril Islam ba za su yarda a raba aikinsu da addininsu ba, kuma suna da gaskiya. Zuma a wuri ɗaya ba ta sa a ce dole a sha da ludayi ɗaya.

Amma ƙin narkewa ba hujjar ware kai ba ne. Idan yaranmu ba su san yaran maƙwabta ba sai ranar rikici, mu ne muka yi sake. Fasto da hafsoshin Birged za su iya neman shugabannin sikawut da na agaji, da sanin hakimi da iyaye, a shirya horon taimakon gaggawa tare, da share magudanun ruwa kafin damina, da dashen itatuwa. Sharaɗi biyu kawai: kada a sa yaro ibadar da ba tasa ba, kuma kada a mai da mai kaki ɗan sintiri. Tsaro aikin jami'ai ne, har da rundunar sa-ido da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a 2023.

Iyaye, ku bar yaro ya yi sikawut a makaranta, ya yi Birged a majami'a. Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya tsare yaran Dutsin-Ma da Kurfi baki ɗaya. Amin.