SHARHI: Kangayen masana'antun Arewa da makullin da ke cikin fayilolin Abuja

Ranar 1 ga Oktoba, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Wole Soyinka. Ginin, da aka kammala a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, ya shafe shekaru yana yoyo yana lalacewa, ministoci na zuwa suna duba shi suna girgiza kai suna wucewa. Aikin gyaransa bai kankama ba sai a 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta damƙa shi ga Kwamitin Shugabannin Bankuna, aka fayyace a rubuce wane ne mai gini, wane ne mai gyara. Daga ranar da takarda ta zauna, kuɗi suka biyo baya.

Wannan darasi ya fi shafar Arewa, domin nan ne manyan gine-ginen da aka yi watsi da su suka fi yawa, kuma akasarinsu masana'antu ne. Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Idu ya sauka a Rigasa, ya gangara kudancin garin Kaduna zuwa Kakuri, zai ga dogayen katangu, rufin kwano da iska ta yaye, da ciyawa da ta cinye harabar da a da dubban ma'aikata ke cika ta a lokacin canjin aiki. Haka lamarin yake a sassan Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, inda masana'antu da dama suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Masaƙar Kaduna, KTL, ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan, audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ta sami kasuwa a ƙofar gida. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwauri da kwararowar atamfa mai arha daga Asiya suka haɗu suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

An yi ƙoƙarin ceto. Gwamnati ta kafa asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, UNTL ta sake buɗewa a 2010. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje a farashin gwamnati. Duk da haka jiniyar Kakuri ba ta dawo yadda take ba. Gaskiyar da jami'ai ba sa son faɗa a bainar jama'a ita ce, injin saƙar da ya kwanta shekara ashirin ba zai yi gogayya da na yau ba. Ko da masaƙu sun farfaɗo, da sababbin injina za su farfaɗo, kuma mai zuba jari ba lallai ne ya buƙaci dukkan tsofaffin zaurukan ba. Saboda haka tambayar me za a yi da kangayen tana nan daram, ko masana'antar ta dawo ko ba ta dawo ba.

Abin da ke ruɓewa a cikinsu ya wuce bulo da kwano. Akwai kundayen zanen atamfa da masu zane na gida suka tsara, akwai rajistar ma'aikata da ke nuna yadda Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe suka zauna unguwa ɗaya suna cin abinci daga masaƙa ɗaya. Akwai tarihin ƙungiyar ƙwadago: daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, kafin ya shugabanci NLC. Takarda ba ta jure gara da damina, ƙarfe kuwa yana da masu jiransa. Abin da gara ta rage, 'yan gwangwan na auna shi a kan sikeli, kamar yadda ake yi wa tsofaffin taragu da layin dogo.

Me ya sa babu wanda ya taɓa? Da fari, ba a cika sanin hannun da makulli yake ba. KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, kuma abin da mutum goma sha tara suka mallaka, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Wasu masana'antun na hannun bankunan da ke bin su bashi, wasu na gaban kotu. Ƙasar da suke kai, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana ƙarƙashin ikon gwamna. Harabobin jirgin ƙasa kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, wato na Tarayya. Mai zane ko mai shirya fim da ke son hayar zaure ɗaya na shekara biyar bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Sai kuma bashin da ya fi kowane nauyi. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna sun shafe shekaru suna zanga-zanga da kai koke kan kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Babu yadda za a yi a kunna fitilu a yi bikin al'adu a harabar KTL alhali matan mamatan na bakin ƙofa da takardun haƙƙin mazajensu. Duk shirin da bai sa wannan a sahun gaba ba, zai gamu da fushin jama'ar Kakuri, kuma da gaskiyarsu.

Doka ma ba ta taimaka ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, an rubuta ta ne da tunanin ganuwa da fada da wuraren bauta da kayan da aka tono daga ƙasa. Cikin wuraren tarihi 65 da aka daɗe da ayyanawa, babu masaƙa ko ɗaya. Waɗanda ke cikin jerin ma ba su tsira ba: an rushe Ilojo Bar a Legas a 2016 duk da cewa tun 1956 doka ke kare shi. Idan haka ta faru da ginin da ke da rajista, ina ga bututun hayaƙin masana'antar da ba a taɓa ƙirga shi cikin kayan tarihi ba?

A duk lokacin da aka ɗauko wannan zance, misalin da ake saurin kawowa shi ne Tate Modern ta Landan, tashar lantarkin da ta daina aiki a 1981 ta koma gidan zane-zane a 2000, ko rumbun hatsin tashar jiragen ruwan Cape Town da ya zama gidan adana fasahar Afirka a 2017. Waɗannan ayyuka ne na masu hannu da shuni. Wanda ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati ya nazarta shi ne mahaƙar kwal ta Zollverein a birnin Essen na Jamus. Da aka rufe ta a 1986, gwamnatin jihar ta saye ta, ta sa ta ƙarƙashin kariyar doka kafin a kai ga rushe ta. Gyara ya zo daga baya, sannu a hankali, zaure bayan zaure, har UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Matakin farko na alƙalami ne.

Kusa da gida kuma akwai Tamale a arewacin Ghana, garin da Hausawan zango suka sani sarai. Mai fasaha Ibrahim Mahama ya sayi wani rumbun kankare da aka fara ginawa a zamanin Kwame Nkrumah aka watsar bayan juyin mulkin 1966, ya buɗe shi ga jama'a a 2021. Bai yi masa kwalliya ba; har jemagun da ya tarar a ciki ya bar su. A wata cibiyar tasa ya jawo tsofaffin jirage da taragu ya mai da su azuzuwan yara. A Legas ma an yi irin haka da Gidan Jaekel na 1898 da ke harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, wanda wata ƙungiyar sa-kai ta gyara tare da hukumar jiragen ƙasa ya zama ƙaramin gidan tarihi, da kuma tsohon kurkukun titin Broad da ya koma Freedom Park a 2010.

Abuja kuwa ta saba da wani salo daban: sabon gini, babbar kwangila, ranar aza harsashi. Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da ke gindinta, a tsakiyar birni tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa, an fara su a 2006; duk ma'aikacin da ke zuwa Sakatariyar Tarayya yana ganin inda aka tsaya. Hukumar adana zane-zane ta ƙasa, da aka kafa a 1993, har yau ba ta da gidan baje koli da ya dace da sunanta a babban birni. Birnin da ba shi da tsofaffin masana'antu ya ƙera wa kansa sababbin kangaye.

Akwai masu cewa mai da masaƙa gidan kallo tamkar yi mata jana'iza ne, kuma matashin Kakuri aiki yake nema, ba hoto a bango ba. Maganarsu na da ƙanshin gaskiya. Gidan tarihi ba zai ɗauki mutum dubu biyar aiki ba, kuma duk jami'in da ya yi wannan alkawari yaudara ya yi. Amma zaure ɗaya cikin goma zai iya ɗaukar teloli da marina da masu ɗinkin hula, ɗakin ɗaukar fim da na sauti, da wurin gwaji ga ɗaliban zane da saƙa da tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello, alhali sauran filin na jiran mai zuba jari. Ginin da mutane ke shiga kullum ba a kwance masa rufi da dare. Sai dai a fara auna ƙasar da ruwan wurin, domin rini da sinadaran shekara arba'in ba sa ɓacewa don an rufe ƙofa.

Sannan a tuna da abin da ya faru a 2016, lokacin da aka shirya gina alƙaryar fim a Kofa cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Jihar Kano. An sanar daga sama, malamai da jama'a suka yi ca, gwamnati ta janye. Kalmar al'adu ba ta da ma'ana ɗaya a Abuja da Kano. Shirin da ya fara da sana'a da tarihin ma'aikata, aka zauna da masu unguwa da limamai da fastoci da tsofaffin ma'aikatan tun kafin a zana taswira, ya fi kusa da karɓuwa.

Idan Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira na neman inda za ta gwada hannunta ba tare da jiran biliyoyi ba, wurin na bayan Dutsen Zuma. A Suleja, wadda ita ce Abuja ta asali, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, da nufin samar da ƙaramar masana'antar tangaran. Nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, daga nan sunanta ya kai Landan da Amurka. Hotonta na bayan takardar naira 20 da ke aljihun kowa, titi na ɗauke da sunanta a Abuja, amma cibiyar da ta yi aiki a ciki ta daɗe cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Masu sana'ar kuma ba su ƙare ba: matan Ushafa a Bwari, inda Bill Clinton ya ziyarta a 2000, har yau suna gina tukwane.

Cibiyar na hannun Jihar Neja, masu saye na Abuja, ikon ayyana wurin tarihi na Tarayya. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniya tsakanin ɓangarorin uku, da umarni ga NCMM ta ƙirga masana'antu da harabobin jirgin ƙasa da aka rufe, ta rubuta mai kowanne da bashin da ke kansa, a kuma dakatar da sayar da injina da kundaye a matsayin gwangwan har sai an tantance su. Batun KTL kuma ajandar taron Ƙungiyar Gwamnonin Arewa yake jira, kuma a Kaduna suke yin taron, tafiyar mintuna kaɗan daga Kakuri.