Ƙagaggen Labari Da Darasin Wariyar Launin Fata A Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malamai da iyaye, shin ya dace a koya wa yaro tarihin zalunci ta hanyar ƙagaggen labari? A ganina ya dace, amma bisa sharaɗi.

Mu ɗauki wariyar launin fata a Amurka. Littafin tarihi zai sanar da ɗalibi cewa a 1896 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a, a 1954 ta haramta hakan a makarantun gwamnati, sannan a 1964 aka kafa dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa. Ɗalibi zai haddace waɗannan shekaru, ya ci jarrabawa, alhali zuciyarsa ba ta motsa ba.

To amma a ba shi littafin Mildred D. Taylor mai suna Roll of Thunder, Hear My Cry, wanda ya fito a 1976. Labari ne na Cassie Logan, yarinya 'yar shekara 9 a jihar Misisipi a 1933. Ita da 'yan'uwanta a ƙasa suke zuwa makaranta, motar 'ya'yan Turawa tana watsa musu taɓo da gangan. A aji kuwa sai aka raba musu tsofaffin littattafan da makarantar Turawa ta gama da su, an rubuta a ciki cewa sai da suka lalace aka miƙa wa baƙaƙe. Ƙaninta ya jefar da nasa, ya tattake shi, aka yi masa bulala. Duk ɗalibin da aka taɓa wulaƙantawa a gaban tsaransa ya san wannan zafin. Jiki magayi.

Wani zai ce ai wannan ƙarya ce. Ƙarya ita ce yaudarar mai sauraro, shi kuwa mai karanta irin wannan littafi ya san ƙagagge ne tun daga bango. Haɗarin yana wani wuri dabam, wato yaro ya ɗauki komai tatsuniya, ko kuma ya ɗauki komai tarihi.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne malami ya bambance abin da aka ƙaga da abin da ya tabbata. Cassie ƙagaggiya ce, amma Ruby Bridges ba ƙagaggiya ba ce: a 1960, tana da shekara 6, sai da rakiyar jami'an gwamnatin tarayya ta iya shiga makarantar Turawa a New Orleans.

Na biyu, a bayyana wa ɗalibi tushen zaluncin. A littafin, iyalin Logan sun iya ɗaga kai ne saboda gonarsu tasu ce, maƙwabtansu kuwa a gonar Bature suke noma, bashi ya ɗaure musu baki. Wariya ba zagi kaɗai ba ce, tsari ce ta ƙasa da bashi da kotu.

Na uku, kada a kawar da ƙiyayya a dasa wata. A cikin labarin akwai Baturen lauya, Jamison, wanda ya tsaya wa baƙaƙe. Abin ƙi shi ne zalunci, ba launin azzalumi ba.

Idan malami ya kiyaye waɗannan, labari zai buɗe zuciya, tarihi ya cika ta da hujja. Allah Ya sa mu dace, Ya kare mu daga raina bayinSa. Wassalamu alaikum.