RUWA BIYU KE CIN MAI TAFKI

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa, wata sabuwar sara ta shigo wa masu hannu da shuni da masu kwaikwayonsu. Wai mutum bai cika babba ba sai ya haƙa tafkin ninkaya a bayan gidansa. Wanda ya haƙa da guminsa, tsakaninsa da aljihunsa. Maganarmu a kan wanda zai jinginar da takardar gidansa ga banki ne, ya karɓo bashi don ya yi iyo.

Na zauna da fensir na yi lissafi, ku ma ku bi ni. Tafki matsakaici, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000. Jarkar mai ruwa mai lita 25 ke nan har guda 1,920. Wannan cikon farko ne kawai, rana tana shan nata kullum. Sai injin tace ruwa da ba ya hutawa, sai man janareta in an ɗauke wuta, sai maganin kilorin, sai ladan yaron da zai riƙa kwashe ganye. Ranar da aka fasa ɗaya daga cikin waɗannan, ruwa ya soma kore.

Ruwa na biyu shi ne na banki. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma kowa ya san rancen bankunan kasuwa yakan yi tsada in uban gidansu ya ƙara nasa. A ƙaddara ka ci naira miliyan 20 a kan kashi 30. Miliyan 6 ke nan a shekara, uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba. Mai keken ɗinki in ya ci bashi, keke zai biya. Mai injin markaɗe haka. To, tafki sisin kwabo nawa yake kawowa?

Kada wani ya ce ai Turawa suna yi. Sun yi, mun kuwa ga yadda ta kaya. A Amurka, shekarun da farashin gidaje ke hawa, bankuna suka riƙa ba mutane rance a kan darajar gidajensu, wasu suka gyara ɗakin girki, wasu suka haƙa tafki. Da farashi ya faɗi daga 2007, bashi ya fi gida tsada, aka ƙwace gidaje ba iyaka. A garin Bakersfield na jihar Kalifoniya masu gida suka gudu suka bar tafkunansu, ruwa ya ruɓe, sauro ya yi ta ƙwai. A shekarar nan zazzaɓin Yammacin Nilu, cutar da aka fara ganowa a Uganda a 1937, ya kama mutum fiye da 100 a gundumar. Sai da ma'aikatan lafiya suka hau jirgin sama suna neman koren ruwa a bayan gidaje, suna zuba ƙananan kifaye masu cin 'ya'yan sauro. Maƙwabcin da bai ci bashin kowa ba, shi ma sauron bai ƙyale shi ba. Ashe kududdufi kududdufi ne ko an shafe shi da tayil. Mu da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da 'ya'yanmu kowace damina, mu za a kawo wa wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wa ake ba wa. Mai tumatur ta je neman jarin da zai juya cikin mako guda, a ce ta kawo takardar fili, ta kawo mai tsaya mata, ta dawo gobe. Ta koma adashi. Mai babbar riga ya shigo da takardar gida a hannu, a ba shi kujera, a kawo masa shayi, ba mai tambayarsa ko ramin da zai haƙa zai haifi wani abu. Bankin ba tafki yake kallo ba, gidan yake kallo. Kuɗin da za a miƙa masa kuwa, a ciki har da ajiyar mai tumatur ɗin nan da aka ce ta dawo gobe.